Injin 1.9 TDI a hanyoyin Damagaram: abin da na gani cikin shekara bakwai

Motar da nake hawa Golf ce ta huɗu, ƙirar 2001, wadda aka kawo mini daga Kwatano shekara bakwai da suka wuce, kuma saboda injinta na zaɓe ta. Aikina yana yawan kai ni Maradi da Yamai, wani lokaci har Agadas, don haka abin da na nema tun farko shi ne injin da zai jure doguwar tafiya ba tare da kuɗin mai ya fi ƙarfina ba.

Injin na gazuwal ne mai turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, ƙirar kamfanin Volkswagen, kuma nawa yana ɗauke da lambar ALH. Silinda huɗu gare shi da bawul takwas, girmansa 1,896 cc, yana ba da ƙarfin doki 90. Wanda ya saba da motocin esansi zai ga wannan adadi kaɗan ne, amma abin dubawa a injin gazuwal shi ne ƙarfin ja, wanda a nan ya kai 210 Nm tun injin yana juyi 1,900 a minti. Wato motar tana ja tun ba a matsa mata ba, ko da mutum biyar ne a ciki da buhun gero a baya. A lissafin da nake yi duk lokacin da na cika tanki, lita biyar zuwa biyar da rabi take sha a kilomita 100 idan kan kwalta ne, kuma da yake tankin yana cin lita 55, cikawa ɗaya tana iya kai ni Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko da yake nakan ƙara mai a Birnin Ƙonni don hankalina ya kwanta.

Abin da ya sa injin ya dace da nan, a ganina, shi ne zamanin da aka ƙera shi. Famfon gazuwal ɗinsa na Bosch ne, irin mai rarraba mai ga silinda ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fi haƙuri da man da ba shi da cikakkiyar tsabta idan aka gwada shi da sababbin injuna masu matsa mai da ƙarfi ƙwarai. Ba shi da matatar toka a bututun hayaƙi, wadda ke toshewa tana wahalar da masu sababbin motoci. Sai dai haƙurin nan yana da iyaka, domin gazuwal ɗin da kansa ne ke shafa cikin famfon, kuma idan ruwa ko yashi ya shiga, ƙarfe ne zai riƙa gugar ƙarfe. Na koyi wannan a wata tafiya da mai ya ƙare mini, na sayi bido ɗaya a hannun wani ɗan ruwa-ruwa a bakin hanya, kafin kwana uku injin ya fara sarƙewa yana fitar da farin hayaƙi. Allah ya taimake ni abin ya tsaya a filta, aka wanke tanki, famfon bai lalace ba. Tun daga ranar ba na shan mai sai a gidan mai, kuma ba mu da uzuri a kan haka, tunda matatar SORAZ da ke hanyar Tanut tana tace gazuwal tun 2011. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan makunni na zubar da ruwan da ya kwanta, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma ina buɗe shi a kowane bidanji.

Ƙura ita ce babbar matsala ta biyu. Turbo yana zuƙar iska mai yawa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, filtar iska tana cika cikin ƴan makonni. Hura ta da iska mai ƙarfi, kamar yadda aka saba a garejin nan, yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta ci fikafikan turbo ta kuma ɓata na'urar auna iska. Sake sabuwa ya fi araha nesa ba kusa ba. Man inji kuwa lita huɗu da rabi yake ci, kuma ya kamata a ga lambar VW 505.00 a jikin galan. Ina juye shi duk kilomita 7,000, domin zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana saurin kashe mai. Idan na iso daga doguwar tafiya nakan bar injin yana aiki minti biyu kafin in kashe, don kada man ya ƙone a cikin turbo mai zafi.

Turbo ɗin ALH yana da ƙananan fikafikai masu motsi da ke daidaita ƙarfin iska, kuma toka tana maƙale su idan motar ba ta fita gari, kullum daga Birni zuwa Kasuwar Dole a giya ta biyu. Alamar ita ce motar ta rasa ƙarfi farat ɗaya a kan hawa, in an kashe an sake tayarwa ƙarfin ya dawo. A nan wasu makanikai sukan yanke hukuncin cewa turbo ya mutu, alhali sau da yawa wankewa kawai yake so, ko kuma ɗaya daga cikin siraran tiyo na roba ne zafi ya tsage. Bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji shi ma yana tara baƙar dauɗa har hanyar iska ta ƙuntace. Saboda haka ba na ba wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce kawai shawarar sayen wannan inji, ƙaramar motar esansi ta fi masa sauƙi.

Inda ba a sakaci ko kaɗan shi ne bel mai haƙora da ke daidaita motsin bawul da na fistan, wanda makanikan nan ke kira kuruwa. Idan ya tsinke injin yana tafiya, fistan zai doki bawul ya lanƙwasa su, gyaran kuma yakan kusa kuɗin wani injin. Kamfanin ya sa a sake shi bayan kilomita 90,000 ko fiye gwargwadon shekarar motar, amma ba na yarda da lambar da agogon motar Kwatano ke nunawa, don haka na sake shi a makon da ta iso, tare da famfon ruwa da ƙafafun da ke ɗaure shi, tunda bel ɗaya ne ke juya su. Bayan an ɗaura sabo dole a duba lokacin feshin mai da kwamfuta. Wani makaniki ya taɓa daidaita mini da kunne, motar ta yi wata guda tana wahalar tashi da safe, har na sami mai na'ura ya gyara cikin rabin sa'a.

Mai niyyar saye ya duba takardar da ke manne a mazaunin tayar safaya, inda aka rubuta haruffa uku na injin. Akwai wasu 1.9 TDI da suka zo daga baya, masu doki 100 ko 115 ko 130, waɗanda kowace silinda ke da nata famfon, kuma su mai lambar 505.01 suke buƙata, wanda samunsa a Damagaram sai an sa a kawo daga Yamai ko Kano. Ya kuma leƙa ƙarƙashin motar, domin kwanon man inji na alminiyam ne kuma yana kusa da ƙasa, dutse ɗaya a hanyar ƙauye ya isa ya fasa shi. Ni maƙeri na sa ya yi mini farantin ƙarfe aka ɗaura a ƙarƙashinsa, kuma an riga an buge shi sau biyu saboda lotsawar da ya yi a hanyar Tanut.