Kafin a saya wa yaro littafin darasin zamantakewa a Legas

Yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 cikin harsuna suke tashi: Hausa a gida, Yarbanci da buroka a layi, Turancin littafi a aji. Shi ya sa ɗan aji uku zai karanta maka shafi guda ba gargada, amma ka ce ya faɗa maka abin da ya karanta sai ya sunkuyar da kai. A darasin zamantakewa, wanda makarantu ke kira Social Studies, abin ya fi ciwo, domin maganar iyali ce da al'ada da shugabanci da sufuri, duk abubuwan da yaron ya sani sarai, sai dai bai gane su ne a kan takardar ba. To duk abin da za ka saya, ka duba ko zai sa yaro ya yi bayani da bakinsa.

Ƙananan littattafan tambaya da amsa da ake talla a tasha hadda kawai suke koyarwa. Manhajar waya tana cin data, kuma kana juya baya an koma kallon katun. Malamin lesin yana da rana idan an dace, amma da yawa aikin gida suke taya yaro cikewa su tafi.

Ni dai abin da na fi yarda da shi littafin aji ne na asali, a haɗa da taswirar Najeriya ta bango. Kamfanoni irin su Learn Africa da Lantern Books a Ikeja, da Macmillan, da University Press da Evans na Ibadan, sun daɗe suna buga littattafan firamare. Ka duba ko an rubuta cewa littafin ya bi manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara abin da za a koyar a makarantu, sannan ka buɗe tsakiyarsa tun a shagon. Kana neman gajeren labari, hoto mai kyau a gefensa, da tambayoyin da ke cewa "me ya sa", ba cike gurbi kaɗai ba.

Ɗauki darasin sufuri. Yaro ya karanta sakin layi ɗaya, ku rufe littafin, ya maimaita maka da Hausa. Sai ka tambaye shi bambancin danfo, ƙaramar motar haya, da BRT, babbar bas mai layinta na musamman a titi, da dalilin da jirgin ƙasan da ke ratsa Agege ya fi keke Napep ɗaukar mutane. Nan za ka ga idonsa ya buɗe. Daga nan ku koma bango, ya ɗora yatsa a Legas, ya bi ta Ibadan da Ilorin da Kaduna har garin kakanninsa. Jihohi 36 sun daina zama jerin sunaye. Ka nuna masa Abuja, ka gaya masa nan Legas ce babban birnin ƙasa har zuwa 1991. Uwar da ba ta jin Turanci ma za ta iya wannan, tunda da Hausa yaron zai kawo mata labarin, ita kuma ta yi ta jefa masa tambaya.

Sai dai fa a yi hattara, jabun littafi ya cika kasuwa. Wanda aka sayo wa 'yar ƙanwata a wani shago, bangonsa sumul kamar na gaske, amma a ciki tutar Najeriya toka-toka ta fito, koren ya ɓace. Taswirar jihohi ta zama baƙin dabbare, babin iyali ya yanke a tsakiya ya faɗa wani babi, ba a rufa wata biyu ba shafuka suka fara zubewa. Yarinyar da ake so ta fahimci karatu, ta yaya za ta fahimci labarin da aka cire rabinsa?

Ka ɗaga shafi ɗaya wajen haske. Idan rubutun baya yana leƙowa, takardar banza ce. Ka goga yatsa a kan rubutu ka ga ko tawada za ta biyo ka. Ka bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe, ko da mai shago zai ɓata rai, kuɗinka ne. Masu satar fasaha sukan kwafi tsohon bugu su sa masa sabon bango, don haka ka leƙa shafin taken ƙasa: a watan Mayun 2024 aka koma tsohon take na lokacin samun 'yanci, littafin da ke ikirarin sabon bugu ne amma bai san da haka ba, ajiye shi. Idan kuma farashin ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, ka tuna araha ba ta ado. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana kai samame kan masu wannan sana'a, amma ba za ta tsaya maka a bakin kowane shago ba.

Wanda ke da hali ya je tsohon shagon littattafai na CSS da ke titin Broad a tsibirin Legas, ko wajen dillalin da kamfanin ya amince da shi, ya karɓi rasit. Idan kuɗin mota ya yi yawa, iyayen aji ɗaya su haɗa kuɗi su tura mutum guda. Kuma kafin a fita, a karɓi sunan littafin da na kamfanin a rubuce daga malamar ajin, don kada a sayo na asali mai tsada ya zama ba shi ake karantarwa ba.