Ƙara wa rediyon mota bes a wani shago da ke Apo: yadda aikin ya kasance

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Kwatano, kuma tun da na saye ta ban canja komai a kayan sautinta ba. Labarai da karatu suna fita tar, amma da zarar an sa kiɗan da ke da ganga ko tambari, sai ka ji kamar gwangwani ake bugawa, idan kuwa aka ƙara murya sai ƙofofi su ɗauki karkarwa. Wanda yake kwashe safiya da yamma a cunkoson Nyanya da Mararraba ya san cewa rediyo abokin zama ne, shi ya sa na kai ta wani shagon masu haɗa kayan sauti a kasuwar makanikai ta Apo, a Abuja.

Na je ne da niyyar cire rediyon kamfani in sa mai babban allo, amma mai shagon ya hana ni, kuma wannan ne ya fara sa na amince da shi, domin da ya bar ni a kan ra'ayina da ya fi cin riba. Ya ce, "Alhaji, rediyonka lafiyarsa ƙalau, kuɗinka kawai za ka zubar." Bayaninsa shi ne, mafi kaurin sautin da ake kira bes yana ƙasa da haz 80 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), kuma fitar da shi yana buƙatar faffaɗar lasifika mai iya tura iska da yawa, alhali na ƙofofin gaba inci 6.5 ne kacal, rediyon kuma bai kai ya ba kowace lasifika wat 20 na ainihi ba. Abin da motar ta rasa shi ne wufa, wato babbar lasifikar bes, da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti da za ta ɗauke ta, sautin kuma ana iya jawo shi daga wayoyin lasifikokin baya ta wani ɗan ƙaramin akwati, ba tare da an farke dashbod ba.

Wajen zaɓen kaya ma bai rufe ni ba. Na nuna wani kwali da aka rubuta wa wat 1,500 da manyan haruffa, sai ya juya bayansa ya nuna mini wata 'yar lamba da ke kusa da haruffan RMS, ya ce ita ce ƙarfin da wufar take iya jurewa a kai a kai, waccan babbar kuwa ta talla ce. Na ɗauki mai inci 10 da RMS 300 a cikin rufaffen akwati. Akwati mai rami ya fi ƙara da rugugi, shi ne samari suke so don a ji tafiyarsu tun daga bakin layi, amma rufaffen ya fi fitar da bugun ganga a tsabtace, kuma bai kai wancan cin wuri ba.

Inda na fi jinjina masa shi ne waya. Ya yanko guntaye biyu ya ɗora mini a tafin hannu: ɗaya ja ce har cikinta, ɗayar kuwa da ya kankare ta da reza sai ga fari ya bayyana, wato alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ta biyun ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ba ta kai ta farko ɗaukar wuta ba, tana kuma saurin zafi. Ya sa fis a kusa da batir, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, domin idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ɗin ya ƙone kafin motar ta kama da wuta. Wayar wuta ya bi da ita ta gefe guda, ta sauti ta ɗaya gefen.

Aikin bai rasa aibu ba. An ce mini awa uku, amma tun hantsi nake kan benci har aka kira la'asar, kuma rasit sai da na tambaya. Washegari a kan hanyar filin jirgi na fara jin wani siririn fito daga lasifika, wanda yake tashi duk lokacin da na taka totur. Da na koma, sai aka tarar yaron shagon ya ɗaure wayar da ke komawa jikin mota a kan fenti maimakon tsuran ƙarfe. Maigidan ya goge wurin da samfefa, ya sake ɗaurewa, ya rage ƙarfin amfilifayar da yaron ya ƙure, sannan ya cusa soso a bayan lambar mota da ke ta ɓaɓatu. Bai karɓi ko sisi ba, bai kuma yi gardama ba.

Yanzu wata biyu ke nan. Ganga tana fita da kaurinta ba tare da ta danne muryar mawaƙi ba, fitilu ba sa dusashewa da dare idan bes ya buga, batir kuma bai taɓa kwana ya mutu ba. Abin da na yi asara shi ne wuri a but, domin tun da akwatin ya shiga, buhun shinkafa da jakar tafiya ba sa zama tare sai an kai ɗaya kujerar baya.