Gargaɗi ga masu tsofaffin kaske a Yamai: mai "wayar azurfa" lasifikar ciki yake sacewa

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai tsohon kaske na saurare, irin waɗanda iyayenmu suka zo da su daga Faransa ko aka tsinto cikin kayan gwanjo a Katako, ya karanta wannan kafin ya miƙa shi ga kowa. Akwai wani mutum da ke tallar kansa a zaurukan WhatsApp na masu sitidiyo da masu haya da kayan sauti a nan Yamai. Cewa yake yana kitsa waya da hannunsa, wai azurfa ce zalla daga Jamus, kuma in ya ɗaura ta a tsohon kaske, sauti zai buɗe, ganga ta yi nauyi, murya ta fito tas. Hotunan da yake turawa suna da kyau, waya tubka huɗu tana ƙyalli. Rabin kuɗi yake karɓa tun farko ta wajen masu aika kuɗi, ya turo yaro a babur ya ɗauki kasken, ba shago, ba rasit.

Sana'ata gyaran rediyo da ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kuma kaskunan da suka bi ta hannunsa sun fara isowa teburina. Wanda ya fi ɓata mini rai na wani matashi ne mai ɗaukar karatun ɗalibai da waƙoƙin yabo a ɗan sitidiyonsa. AKG K240 ne na mahaifinsa, ƙirar Ostiriya, samfurin da ya fara fitowa a 1975, tsofaffinsa kuma om 600 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki). Jika ashirin da biyar ya biya. Da farko murna yake yi, don da ya jona shi a salularsa sai ya ji ƙara ta ninka. Sai da ya zauna haɗa murya ya ji abin ya koma kwaramniya. Ya ce mini, "Baba, ƙara dai ta ƙaru, amma muryar da na sani ba ita nake ji ba." Na ce, "Ɗana, kawo mu sa mita mu auna om ɗinsa."

Kowane kunne ya nuna om 32 da ɗan ɗoriya. Da na buɗe, kawunan kusoshin duk sun sha sukundireba, ga gam mai zafi an lafta, ga ƙananan lasifikoki na kasken jika biyu an manna a gurbin na asali. Na asalin sun tafi. Su ne kasken, su ne abin da ke da daraja, kuma akwai masu neman su da kuɗi don gyara nasu.

Dabarar ke nan, kuma wanda ya shirya ta ya san aikin. Tsofaffin kaskunan sitidiyo an ƙera su ne don a jona su a manyan na'urori masu ƙarfin tura wuta. Sennheiser HD 414, mai soson nan rawaya, da ya fito a 1968, na farkonsa om 2000 ne. Ka sa irin wannan a salula, sauti zai fito can ƙasa-ƙasa, mai shi ya ɗauka tsufa ne ya kama shi, alhali lafiyarsa ƙalau, ampili kawai yake buƙata. To in aka cire lasifika mai om 600 aka sa mai om 32, daga salula ɗaya za ta ja wuta kusan ninki 19. Dole ƙara ta ƙaru. Kunnen ɗan Adam kuwa, abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi, musamman a minti na farko. A wannan minti na farkon ne ake cika masa sauran kuɗinsa, har a yi masa godiya.

Ita waya ba ta da wannan ikon ko kaɗan. Mita biyu na wayar jan ƙarfe ta kaske, turjiyarta ba ta kai om ɗaya ba. Azurfa ta gaske ta fi jan ƙarfe wuce da wuta da abin da bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Ka ɗauki kashi 6 cikin ɗari na abin da bai kai om ɗaya ba, ka ajiye shi kusa da om 600, ka gaya mini kunnen da zai ji wannan. Kamar a ce maka an canza wa babur madubi sai gudunsa ya ninka ne. In gudun ya canza da gaske, to an taɓa injin.

Kuma wayar tasa ma ba azurfa ba ce. Na yanki ƙarshenta na kankare da reza: jan launi a sama, fari a ciki, wato alminiyom ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, ƙyallin da ake gani a hoto kuma na robar da aka sa mata ne. Na kusanta mata ashana, silin ya lanƙwashe ya dagargaje. Jan ƙarfe na gaske ja yake yi a wuta ya tsaya da ƙarfinsa. Alminiyom kuma ba ya son dalma, kuma saurin karyewa gare shi a wuyan jak, wato kan da ake sokawa a na'ura, inda waya ke yawan tanƙwaruwa.

Ba duka yake sace wa lasifika ba. Wanda bai ga riba a cikinsa ba, wayar kawai yake canzawa, amma da aikin ganganci. Silin da ke shiga cikin lasifikar kaske ya fi gashin kai siranta, in ƙarfen dalma ya daɗe a wurin fiye da ƴan daƙiƙoƙi, robar ta narke, silin ya tsinke, kunne ɗaya ya mutu. Na ga wanda ya juya wa wayoyin kunne ɗaya, mai alamar (+) a gurbin mai alamar (−). Alamarsa, ganga ta sirance, muryar mai magana ta bar tsakiyar kai ta watse gefe-gefe. Shi kuma sai ya ce wa mai kayan wai sautin ne ya "buɗe". Abin takaici, HD 414 ko buɗewa ba ya buƙata, don wayarsa zarewa ake yi a soka wata.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, canza waya gyara ne na halal, ni ma ina yi. Zafin Afrilu a Yamai, da ke haura digiri 40, yana busar da robar tsohuwar waya har ta tsattsage. In kunne ɗaya na ɗaukewa sai ka murɗa jak, ko kana jin ƙaraf-ƙaraf in ka motsa kai, waya ce, a canza ta da jan ƙarfe mai laushi da jak mai kyau, na milimita 3.5 ko babban na 6.35. Kasken zai koma yadda yake da, ba zai wuce haka ba, kuma kuɗin aikin bai kamata ya yi kusa da jika ashirin ba. Abin da ke canza sauti da gaske a tsohon kaske soson kunne ne. In ya ruɓe ko ya lotse, tazarar kunne da lasifika ta canza, iska ta riƙa zurarewa, ganga ta gudu. Mutane da yawa soso kawai suke buƙata.

Don haka kafin kaskenka ya bar hannunka, je wurin kowane mai gyaran rediyo ya sa maka mita a jak, ka rubuta adadin om na hagu da na dama, ka ɗauki hoton mitar tare da kasken. In soson na cirewa, ɗauki hoton lasifikar ma. Gyaran waya ba ya kai awa ɗaya, a yi shi a gabanka, a ba ka tsohuwar wayarka. Mai cewa sai ya tafi da shi gida don wayar "ta nuna" kwana da kwanaki, ka karɓi kayanka. Ranar karɓa a sake awo kafin ka cika kuɗi, ba a bakin titi da salula ba.

Ƴan uwanmu na Tawa da ke saka kaske a mota su aiko Yamai, ku kuka fi shiga haɗari, don ba ku ga fuskar kowa ba. Ku aika wa wanda kuka sani ya tsaya a kan aikin. Wanda kuma abin ya riga ya shafa, kada ya goge saƙonnin muryar da mutumin ya turo, da lambar da aka aika wa kuɗi, da takardar aikawar. Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma zamba ta wannan hanya tana ciki. Ku haɗu ku kai ƙara kwamisariya tare, da kaskunan a hannu, a buɗe, gam ɗin da lasifikokin bogin na nan yadda ya bar su.