Farantan sola na hannu a gidan gonata: abin da mitar mai shago ba ta nuna min ba

Gidan gonar nan ɗaki biyu ne da baranda, a can bayan Shika, kusa da Zariya, idan ka saki titin Funtua ka shiga ciki. Layin wuta bai kai wurin ba, kuma ba na jin zai kai nan kusa. Shekara da shekaru ɗan ƙaramin janareto ne ke ba mu haske, har aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, na ga kuɗin man da nake zuba wa injin ya fara cin ribar tumatir. A Janairun 2024 na shiga Sabon Gari neman sola.

Sababbin faranti sun fi ƙarfin aljihuna a lokacin, saboda haka na tsaya a wani shago mai sayar da na hannu, waɗanda aka cire daga rufin gidaje a Turai. Na ɗauki huɗu, kowane wat 250 bisa takardar da ke manne a bayansa, a kan kuɗin da bai wuce rabin na sababbi da yawa ba. Uku kamfani ɗaya ne, na huɗun daban. Mai shago ya fito da su rana, ya ɗora mita a kan kowane, na ga bolt 34, 35, 34, 35. Ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji." Na biya.

Wannan gwajin shi ne ya cuce ni, kuma ba zan ce mutumin ya yi ƙarya ba. Bolt ɗin da ya nuna gaskiya ne. Abin da ban sani ba shi ne, faranti ko ya gaji, ko ƙwayoyinsa sun tsattsage, muddin rana ta taɓa shi zai nuna bolt kusan cikakke idan ba a ɗora masa nauyi ba. Kamar famfo ne da ka toshe bakinsa da yatsa ka ji ƙarfin ruwa, ka saki ka ga ɗiga yake yi. Amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ita ce ke faɗin gaskiyar lafiyar faranti, ita kuwa ba a gwada min ba.

Mai haɗa wutar da na fara ɗauka ya yi aikin cikin yini guda. Ya haɗa farantan huɗu faralel, ja da ja, baƙi da baƙi, ya kawo su kan kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin batir, mai araha irin wadda ake kira PWM, sannan batir biyu masu ruwa, bolt 12 da amfiya-awa 220 kowane, a haɗe su ba da bolt 24. Wayar da ya ja daga rufi siririya ce, mahaɗan kuma murɗa su ya yi ya naɗe da salatif. A cikin sanyi ban ga matsala ba. Ƙwan fitila shida, talabijin, cajin waya, komai lafiya.

Da azumi ya kama a watan Maris, zafi ya sauko, sai asiri ya tonu. Fanka biyu ba sa kai mu ƙarfe biyu na dare, inbata, mai juya wutar batir zuwa irin ta gida, ta fara kuka ta ɗauke. Mu tashi sahur da tocila.

Ɗan ƙanwata ne ya cece ni, yaron da ya yi karatun lantarki a Kwalejin Nuhu Bamalli. Ya zo da mitarsa da tsakar rana, ya hau kwano, ya raba farantan, ya gwada amfiyar kowane shi kaɗai. Uku sun ba da bakwai da ɗoriya, wanda ba laifi ga farantin da takardarsa ta ce takwas da wani abu yana sabo. Na huɗun bai kai huɗu ba. Ya kira ni na hau tsani, ya nuna min wasu layuka kamar sawun katantanwa a ƙarƙashin gilashin, da wuri biyu da suka yi ruwan ƙasa kamar an ɗora dutsen guga. Da na duba da kyau tun a shago da na gani, amma idona na kan mita.

Ya ce, "Kawu, wannan ɗayan matsala ce, amma ba shi ne babba ba." Ga bayanin da ya yi min, kuma daga baya na tabbatar da idona. Irin waɗannan faranti masu ƙwaya 60 an yi su ne don gidajen da ke haɗe da layin wuta, ƙarfinsu na aiki kusan bolt 30 ne, idan zafin farantin digiri 25 ne. Faranti kuwa in ya yi zafi bolt ɗinsa sauka yake, kuma a kan kwano a Zariya cikin Maris ko Afrilu, gilashin ba ya taɓuwa da hannu. Sai bolt ɗin ya sauko wajen 26 ko 27. Batir mai bolt 24 kuma sai an tura shi sama da 28 kafin ya cika. Kwantirolar PWM ba ta iya ƙara komai, abin da ya zo mata shi take miƙawa. Ga siririyar waya tana cinye nata rabo a hanya. Wato lokacin da rana ta fi ƙarfi, lokacin ne batir ɗina ke kwana da yunwa. Ya ƙara da cewa wayar ma ba tagulla zalla ba ce. Ya kankare ta da wuƙa, sai ga fari a ciki, alminiyam aka shafa wa jan launi.

Gyaran ya ci kuɗi, har na tuna masu cewa araha ba ta ado. Muka ware mai rauni gefe, domin a haɗin siris mafi rauni ne ke jan sauran ƙasa. Ukun masu lafiya ya haɗa su siris, jan wannan zuwa baƙin wancan, bolt ɗinsu ya taru ya haura 100. Muka sayi kwantirolar MPPT, wadda ke karɓar bolt mai yawa ta mayar da shi amfiya ga batir. A nan na so in sayi mai iyakar bolt 100 don ta fi sauƙi, yaron ya hana. Takardar kowane faranti ta ce bolt 37 idan babu nauyi, sau uku 111 ke nan, kuma da safiyar hunturu, sanyi na sa ya ƙara hawa. Muka ɗauki mai 150. Ya sa waya mai kauri ta tagulla, wadda ake kira 6mm, mahaɗan MC4 maimakon salatif, da bireka ta DC tsakanin faranti da kwantirola, wata kuma wajen batir. Ya ɗaga farantan daga jikin kwano don iska ta riƙa bi ta ƙasa, ya fuskantar da su kudu da ɗan karkata. Ya kuma ja kunnena: batir ake fara haɗawa da kwantirola kafin faranti, in za a kwance kuma faranti ake fara cirewa.

Faranti uku yanzu sun fi huɗun da aiki nesa ba kusa ba. A rana mai kyau allon kwantirola na nuna wat 550 zuwa 600 da tsaka, batir ya cika kafin la'asar, fanka biyu su kai asuba. Har ƙaramin firji muke kunnawa da rana. A watan Agusta, idan hadari ya yi kwana biyu bai washe ba, dole a kashe firjin a rage talabijin, wannan kam babu yadda za a yi.

Abu biyu suka zame min aikin kullum. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin cikin 'yan kwanaki, ka ga lambar allo ta faɗi, sai an wanke da sassafe kafin ya ɗau zafi. Sai kuma inuwa, wadda haɗin siris ba ya ƙauna ko kaɗan. Reshen darbejiya guda ɗaya da ke leƙo kusurwar faranti da yamma ya isa ya rage wutar, sai da na sa aka sare shi.

Na koma shagon da maganar faranti na huɗu. Mai shago ya saurare ni da mutunci, ya ce kayan hannu ba su da garanti, kuma wata biyu sun wuce. Ban ja ba, don ni ma na san haka muka yi ciniki. Zan sake sayen na hannu, ukun nan sun shiga damina biyu ba su ba ni kunya ba, amma ba zan sake biya ba sai an gwada min amfiya da tsakar rana, na juya bayan farantin na ga robar ba ta tsage ba, akwatin wayarsa bai narke ba, kuma duka kamfani ɗaya ne da lamba ɗaya.

Shi kuwa gurgun farantin, yaron ya haɗa shi da tsohuwar kwantirolar da wani ƙaramin batir a ɗakin Baba mai gadi. Ƙwai ɗaya yake kunnawa da rediyo, kuma makiyayan da ke wucewa sun gano wurin, kullum da wayoyi uku ko huɗu a jone a tagarsa.