Wata uku a motar Alhaji bayan an tsayar da jirgin Nsawam

Ni tela ne a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra a Ghana. Ba sabon yadi nake ɗinkawa ba, gwanjo nake gyarawa: wandon da ya yi tsawo in rage, rigar da ta yage a cikin dila in kama, zif ɗin da ya mutu in sauya. Aikinmu na ɗan sammako ne. Ranar Laraba da Asabar, da aka fi fasa dila, mai kaya yana so kafin ƙarfe 7 ya gama tsinta, ya jibge mini abin da ke buƙatar allura, ya karɓa ya miƙa wa masu guga kafin masu saye su cika rumfa. Telan da ya iso ƙarfe 8, maƙwabcinsa ya riga ya kwashe cinikin. Da wannan mudu na auna motar da zan yi magana a kanta. Wanda ke shiga ofis ƙarfe 9, nasa lissafin daban ne.

A Nima aka haife ni, kuɗin haya ya kore ni zuwa Amasaman, can bayan gari. Abin da ya sa na yarda da nisan kuwa jirgin ƙasa ne, wanda ke tasowa daga Nsawam, ya bi ta Amasaman da Pokuase da Dome da Achimota, ya tsaya a Odaw kusa da babbar mahaɗar hanyoyin da ake kira Circle, ya ƙare a tashar Accra. Tashar nan a bakin kasuwarmu take. Daga inda nake sauka zuwa inda kekena yake, ko ledar ruwa ba na shanyewa. Jirgin ba na gayu ba ne, ana cunkushewa, wani lokaci a tsaye za ka zo. Amma da ya tashi, babu mai shan gabansa.

Wata safiya muka tarar an liƙa takarda a tasha, za a tsayar da jirgi domin gyaran layi. Mutane suka yi ta tsaki. Ni ban yi ba, domin duk mai shiga jirgin ya san akwai wuraren da yake rage gudu har yaro zai iya binsa da ƙafa, yana rangaji kamar raƙumi. Katakon da aka shimfiɗa ƙarfen dogon a kai yana ruɓewa, ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen su saki. Ruwan damina yana kwashe tsakuwar da ke ƙasa, yashi da shara su toshe magudana, layin ya zauna cikin taɓo. Kuma layi ɗaya ne tak, ba biyu ba, balle a rufe ɗaya ana aiki, jirgi yana bin ɗayan. Wanda zai ɗaga ƙarfe ya sauya katako dole ya tsayar da komai. Layin ma dattijo ne: a 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, aka gama haɗa shi daga Accra har Kumasi, shekara 20 bayan na Sekondi ya isa can a 1903. Kakana ɗan goro ne, ta kansa yake sauko da huhu zuwa Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin nan. Abin da ya ɗauki kakana ya ɗauke ni, ai ya cancanci a duba ƙafarsa.

Sati biyun farko trotro na bi, wato ƙananan bas na haya, na ci kwakwa. A nan ne wani Alhaji na unguwarmu, mai motocin haya, ya ga ƙofa ta buɗe. Bayan sallar isha'i ya tsayar da mu a bakin masallaci ya ce zai ware bas ɗaya mai kujera 30 domin 'yan kasuwa. Za ta tashi ƙarfe 5:20 na asuba daga bakin masallacin, ta ajiye mu a unguwar Tudu kusa da kasuwa, ta dawo da mu ƙarfe 5:30 na yamma. Sidi 12 kowace tafiya, ko sidi 120 na mako ɗaya, Litinin zuwa Asabar, zuwa da dawowa, a tura ta MoMo, wato ta waya, daren Lahadi. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Na biya na mako.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne ainihin abin da kuɗina ke saye, shi ne motar ba ta jiran cika. Wanda bai san trotro ba ba zai gane girman wannan ba. Trotro sai ta cika take tashi, in kuma ta tashi da gurbi, kowace kwana sai yaron mota ya leƙo da kai yana ihun "Circle, Circle", direba ya ci burki. Motar Alhaji kuwa 5:20 tana yi an rufe ƙofa, ko mutum 18 ne a ciki. A garin nan lokacin asuba ba ya yin nisa da inda yake duk shekara, saboda haka mutum yana idar da salla, ya yi addu'a, ya fito ya tarar da injin a kunne. Wata rana wata Hajiya mai sayar da mayafai, wadda ta haifi direban a shekaru, ta makara da minti uku. Washegari ta tare shi.

"Ɗana, jiya ka gan ni ina ɗaga hannu, ka taka mota?"

Ya rusuna ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni. In na tsaya miki yau, gobe Baba mai takalma zai ce in tsaya masa. Alhaji kuma ni zai kama."

Ta yi ta faɗa har Pokuase. Tun daga ranar ba ta sake makara ba, ita ce ma take riga kowa zama.

Na biyu, kaya. Masu trotro suna ganin ƙunshi sai su sa masa kuɗin mutum guda, ciniki kuma sabo kullum. A nan an cire kujerun baya biyu, an bar wurin don kaya. Ran da kan kekena ya lalace na kai shi gida na kwance, na dawo da shi a cikin buhu, yaron mota ya karɓa ya sa kwali a ƙasa, bai ce in ƙara ko kwabo ba. Dila cikakkiya ce kawai ake biya wa daban, kuma an faɗi wannan tun ran farko.

Kujerun ba laifi, sai dai na tsakiya masu naɗewa, waɗanda duk wanda ya zauna a kansu sai ya tashi in wani zai fita. Babu na'urar sanyaya iska. Rediyo wa'azi ne da safe, labarai da harshen Twi da yamma, babu wanda ya yi ƙorafi.

To, da safe lafiya lau. In mun tashi 5:20, hanya ba ta farka ba tukuna. Mu hau gadar Pokuase, mai hawa huɗu, wadda aka buɗe a 2021, mu gangara Ofankor, mu wuce Achimota da Tesano, mu ratsa Circle gari bai gama wayewa ba. Yawancin ranaku kafin 6:30 ina Tudu, in taka zuwa kasuwa, in sha kokona da ƙosai a zaune. A wata ukun nan, Laraba ɗaya ce kawai na rasa fasa dila, ita ma tayar mota ce ta fashe wajen Ofankor, tayar da ke ajiye kuma babu iska a cikinta. Minti 40 muna tsaye a bakin titi. Wannan sakaci ne, na kuma faɗa wa Alhaji a gaban mutane. Bai musa ba, ya mayar wa kowa sidi 12 ɗinsa a daren, ba tare da an roƙa ba.

Yamma ce matsala, kuma a nan ne na gane abin da jirgi yake da shi wanda babu motar da za ta ara. Jirgi hanyarsa tasa ce. Motar Alhaji tana iya yi maka alkawarin lokacin tashi, ba ta iya yi maka na isa. Ƙarfe 5:30 na yamma kowa a Accra ya nufi gida. Daga Tudu zuwa Circle kaɗai sai ka haddace fuskar duk mai tallan ruwa da soyayyar ayaba. Gadar Circle da aka buɗe a 2016 ta taimaki na sama, mu da ke neman hanyar Nsawam sai mun bi sahu. A Achimota a sake tsayawa. Sannan babban aikin faɗaɗa hanyar Ofankor zuwa Nsawam, da aka fara a 2022, ya zo da nasa: a karkatar da motoci nan, a matse su can, manyan tireloli masu tafiya Kumasi da Burkina Faso suna numfashi a kunnenka. Tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, na sha yin ta a awa biyu da rabi. In rani ne, ƙura ja ta shigo, ka rufe taga zafi ya dafa ka, ka buɗe ka isa gida kamar wanda ya yi yini a gona. In an yi ruwa kuma, ramuka su ɓuya a ƙarƙashinsa, direba ya riƙa lalube.

Ruwan sama ma yana da nasa tsoro a wajen Circle. Duk wanda ya san daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu suka kashe mutum fiye da 150, ba ya son hadari ya same shi a gefen rafin Odaw. Wata yamma hadari ya haɗo muna Adabraka, motar ta yi tsit. Direba bai tambayi kowa ba, ya juya ya zaga ta wata hanya mai tudu. Mun ƙara kusan awa guda, amma ban ji bakin kowa ba. A wannan na ba shi maki. Yaro ne mai hankali, ba ya hawa gefen titi, ba ya tsere da kowa, ba ya riƙe waya yana tuƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne magariba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da 'yan mintoci, mu kuma a lokacin muna maƙale tsakanin Circle da Achimota. Fasinjan motar nan kusan duka musulmi ne, daga bakin masallaci aka kwaso mu, amma ba a tanadi inda za a tsaya ba. Mun yi magana, aka gwada tsayawa a wani gidan mai kwana uku. Masu salla su sauka, masu alwala su ja layi a famfo ɗaya, kafin a dawo an ci minti 25, sahun da muka bari ya ninka. Mata masu yara a gida suka ce ba su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Aka daina. Na kawo shawarar a mayar da tashi 6:30, kowa ya yi sallarsa a Tudu, inda masallatai ba su da wuya. Alhaji ya ce, "Malam, in na ɗaga, rabin motar za su tafi trotro." Shi ma lissafinsa daidai ne. Ni dai nawa bai fita ba.

Akwai kuma maganar kuɗin mako. In ka biya sidi 120, ka yi rashin lafiya kwana biyu ko rasuwa ta kai ka Kumasi, kuɗin ya tafi. Ba a ɗaga maka zuwa mako na gaba, ba ka kuma iya ba wa ƙanenka kujerar sai da izini. Rasit babu, sai saƙon MoMo da littafin yaron mota, wanda rubutunsa shi kaɗai ke iya karantawa. Sau ɗaya ya ce ban biya ba, sai da na nuna masa waya. Mutumin da ya miƙa kuɗi a hannu fa, me zai nuna?

Wasu za su ce ga manyan bas na Aayalolo, da suka fara bin hanyar Amasaman zuwa Tudu a 2016. Ɗan ofis mai jaka ɗaya zai ji daɗinsu. Ni mai ɗaukar buhu, mai son in san kujerata tun daren jiya, ƙaramar motar unguwa ta fi dacewa da ni. Okada kuwa na hau sau biyu daga Achimota ran da nake sauri, na isa, amma ba da shekaruna ba.

Wani abokin aikina ya ce mu daina wahalar da kai, ai ga sabon jirgi ya zo ƙasar. Yana nufin layin Tema zuwa Mpakadan, mai kilomita 97, da aka ƙaddamar a Nuwamban 2024. Na ce masa wancan ba namu ba ne. Faɗinsa milimita 1,435 ne, namu na Nsawam 1,067, irin na zamanin Turawa. Taragon can ko an ɗauko shi da hannu ba zai zauna a kan ƙarfenmu ba. Namu sai dai a gyara shi a yadda yake, katako bayan katako, ko a tumɓuke a sake shimfiɗa sabo, wanda kuma ba aikin wata uku ba ne.

Ga wanda yake tambaya ko ya shiga: in sammako ne abincinka, kuma kana da kaya, shiga ta safe, kada ka yi ciniki. Ta yamma kuwa kada ka ɗaure kanka da kuɗin mako. Ni tun farkon watan nan na koma biyan sidi 12 kowace asuba. Da yamma ina rufe keke, in yi magariba a Tudu, in ci tuwon zafi a wurin wata 'yar Tamale, in jira hanya ta huce, in hau trotro wajen ƙarfe 7:30. Abin mamaki, lokacin isata gida bai bambanta da na motar Alhaji da yawa ba. Ran Alhamis da ta wuce ma a mahaɗar Amasaman na tarar da su suna sauke kaya, Hajiya mai mayafai ta hango ni ta tagar trotro, ta ce, "Malam tela, ta ina ka biyo?"