Sharhi kan kundin waƙoƙin "Serious About Men" na Rubberbandits

Rubberbandits mawaƙa biyu ne daga birnin Limerick na ƙasar Ayilan, Blindboy Boatclub da Mr Chrome, waɗanda aka san su da rufe fuskokinsu da ledar kanti da aka huda wa gurbin ido da baki. Tun suna makarantar sakandare suka haɗu, kuma sun fara yin suna ne da kiran mutane a waya suna zolayarsu suna naɗar hirar, kafin su rungumi waƙar hip hop. Kundinsu mai faifai biyu, "Serious About Men", ya fito a 2011, ya tattara tsofaffin ayyukansu da sababbi. A ganina ya cancanci a saurare shi da natsuwa, domin a ƙarƙashin barkwancin akwai kiɗa mai inganci da suka mai zafi ga al'ummarsu.

Waƙar da ta fi ɗaukar nauyin kundin ita ce "Horse Outside", wadda aka fara nunawa a gidan talabijin na RTÉ a watan Disamba na 2010. Labarinta a wurin ɗaurin aure yake: saurayi yana neman ƙawar amarya, abokan takararsa suna taƙama da Honda Civic da Subaru da Mitsubishi, shi kuwa yana kushe motocin ɗaya bayan ɗaya, yana cewa dokinsa na ɗaure a waje. Wanda ya san cewa a wasu unguwannin talakawa na Limerick matasa suna kiwon dawaki a tsakanin gidaje zai gane cewa ba shirme ba ne. Makonni kaɗan kafin fitowarta gwamnatin Ayilan ta amince da shirin ceto tattalin arzikin ƙasar na Yuro biliyan 85 tare da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, bayan shekarun da aka yi ana gina gidaje da sayen motoci da bashi, saboda haka ina jin waƙar a matsayin martanin talaka ga masu fankama da abin da ba nasu ba. Ta zo ta biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saya a ƙasar a makon Kirsimeti, kuma har yau amshinta da kiɗanta ba su tsufa ba.

Salonsu ya yi kama da na 'yan kama, waɗanda kan ari muryar wanda suke yi wa shaguɓe. A "Up da Ra", wato kirarin goyon bayan ƙungiyar IRA mai ɗauke da makami da ta yaƙi mulkin Birtaniya a Ayilan, suna magana da bakin mai tutiya da kishin ƙasa alhali ya dagula tarihin ƙasar baki ɗaya, kuma wanda bai lura ba zai zaci yabon masu ɗauke da makami suke yi. "Spastic Hawk" kuwa ita ta fi taɓa mini zuciya. Labarin wani shaho ne mai naƙasa da sauran shahuna suke tsangwama, mai kiwonsa yana tausaya masa, kuma an rera ta da murya mai taushi. Kalmar da ke cikin sunanta ta cin fuska ce ga masu naƙasa, kuma ban ga dalilin zaɓenta ba, ko da yake waƙar tana bayan mai rauni.

Kundin yana da aibobi da bai kamata a ɓoye ba. Ashar da batsa da zancen ƙwayoyi sun yi yawa, har a wasu wuraren sukan danne saƙon, don haka ba abin kunnawa ba ne a gaban yara ko iyaye. Tsofaffin ayyukan ba su kai sababbin tsabtar sauti ba, kuma tsawon faifai biyu yana gajiyarwa. Karin harshen Limerick ma yana da sauri da nauyi, ko wanda ya iya Ingilishi sosai zai buƙaci rubutattun baitoci a gabansa.

Shawarata ita ce a fara da waɗannan waƙoƙi uku a YouTube kafin a kashe kuɗi. Wanda ya san su ta "Dad's Best Friend", wadda aka sa a fim ɗin "T2 Trainspotting" na 2017, ya sani cewa ba ta cikin wannan kundi, domin daga baya ta fito.