Inji mai ƙarfin ja da kuɗi kaɗan: yadda ake haɗa shi a Amurka

Maigida, barka da aiki. Kun tambayi yadda masu ƙaramin ƙarfi a nan suke haɗa injin da ke jan mota kamar tarakta.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Amurka shi ne ƙarfe yana da araha, hannun makanike ne ke da tsada, don da awa ake lissafa masa. Shi ya sa mai son rangwame yake kwance injinsa ya ɗaura da kansa.

Wanda aka fi yi shi ne inji 383 na Chevrolet (lambar nan girman cikin injin ce a ma'aunin inci). Ana samo tsohon inji 350, mai lita 5.7, wanda ya fito tun 1967. Fistin ɗinsa yana tafiyar inci 3.48 ne. Sai a sa masa kirankshaf mai tafiyar inci 3.75, a faɗaɗa silinda zuwa inci 4.030, ya koma kusan lita 6.3. Doguwar tafiyar nan ce ke ba shi ƙarfin ja tun daga tasowa, ba sai an taka totur ƙasa ba. Da can kirankshaf ɗin inji 400 ake karta har ya zauna. Yanzu kamfanonin Scat da Eagle suna sayar da sabo tare da konrod da fistin, dillalan kayan mota Summit Racing ko Jegs su aiko har ƙofar gida.

Bulok kuwa a filin matattun motoci irin su Pick-n-Pull ake samu. Ka biya kuɗin shiga, ka zo da sifanarka, ka kwance abin da kake so. A can ma ake tsintar kan silinda na Vortec, na motocin ɗaukar kaya na Chevrolet na 1996 zuwa sama, mai shaƙar iska sosai. Kayan aikin da babu kuma shagon kayan mota na AutoZone na ba da aro, a ajiye kuɗi, a karɓe su in an mayar.

Wurin masu injin karta ne ba a yin rowa. Konrod yana bugun ƙasan bulok saboda doguwar tafiyar, dole a goge wurin, a kuma duba kada ya taɓa kamshaf. Sai balansi, wanda in an tsallake shi injin zai yi ta karkarwa har ya cinye metal. Masu kartar suna aiki da ma'auni mai kyau, amma jira gare su, layi ne.

Samari suna ɓarnar kuɗi a kan babban kamshaf saboda ƙara. A ganina asara ce ga motar gari, wadda rabin rayuwarta a danja take ƙarewa. Ƙarami ya fi ja, matsin inji kuma a bar shi wajen 9.5 domin ya sha man gidan mai.

Doka ma tana da baki. A Kalifoniya motar 1975 zuwa ƙasa ce ba a yi wa gwajin hayaƙi, saboda haka kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya ana fara duba shekarar motar.

A gaida yaran gareji.